Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Tunisiya, Kais Saied

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da jama'ar da Allah ya ɗora maka nauyinsu.

Ba ka san ni ba, babu kuma dalilin da zai sa ka san ni. Ni malamin zaure ne a Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar. Bayan sallar asuba nakan biya wa magidanta karatu kafin kowa ya kama hanyar kasuwa, littafin da muka fi daɗewa a kansa kuwa shi ne Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani. Mutuminku ne. A Ƙairawan ya yi zamansa, a can ya rasu a shekarar 996, a can kabarinsa yake. Da littafinsa mahaifina ya koya mini alwala, da shi nake koya wa 'ya'yan wasu. Daga nan har Kano da Sakkwato da Zariya, da wuya ka shiga zauren malami ka rasa shi, takardunsa sun yi ja don yawan juyi. Tun ina yaro, in aka ambaci ƙasarku da girma sunan yake shiga kunnena. Na faɗi wannan ne tun farko don ka san bakin da maganar ke fitowa.

Ranar 21 ga Fabrairun 2023 ka zauna da majalisar tsaron ƙasarka, fadarka kuma ta fitar wa duniya abin da ka faɗa. Ka ce ayarin baƙin haure daga kudu da Sahara su ne ke kawo tashin hankali da miyagun laifuka. Ka ce wata maƙarƙashiya ce aka ƙulla don a sauya jinsin al'ummar Tunisiya, a mai da ita ƙasar Afirka zalla, wadda ba ta da dangantaka da Larabawa da Musulmi. A lokacin, lissafin da ƙungiyoyin ƙasarka ke bayarwa shi ne 'yan kudu da Sahara da ke Tunisiya ba su wuce kamar dubu 21 ba, a ƙasar da ke da mutum miliyan 12. Ko biyu cikin dubu ba su cika ba. Ranka ya daɗe, kai malamin jami'a ne, shekara da shekaru kana koyar da tsarin mulki kafin a zaɓe ka a 2019. Ka fi ni sanin cewa cokalin gishiri ba ya sauya ɗanɗanon rijiya.

Amma ba lissafin ne ya fi ci mini rai ba. Rabewar da ka yi ce, Afirka gefe guda, Musulunci gefe guda. To mu a ina ka ajiye mu? Mu da muke sallah da azumi da rabon gado bisa mazhabar Malik kamar yadda malaman Ƙairawan suka rubuta ta? Sunan nahiyar ma daga wajenku ya fito. Ƙasarku ce Rumawa suka fara kira Afirka, Larabawa suka ce Ifriƙiyya, kafin sunan ya bazu ya lulluɓe mu duka.

Ina da ɗa a Sfax, birninku na bakin teku, a wancan lokaci. Ɗan ƙanena ne, amma a hannuna ya tashi, Baba yake ce mini. Shekararsa uku a can, yana leburan gini, in sanyi ya shigo ya tafi tsinkar zaitun. Su biyar ne a ɗaki: shi, da 'yan Gini biyu, da ɗan Mali, da wani yaro ɗan Kamaru. Bai taɓa tunanin ƙetare teku ba, tsoron ruwa gare shi tun yana ƙarami. Kuɗin aure yake tarawa, yana aiko wa uwarsa ɗan abin cefane. Takardunsa ba su cika ba, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma wanda ya ɗauke shi aiki ya sani, mai gidan haya ya sani, mai kantin da ke ba shi burodi bashi ya sani, shekara uku ba wanda abin ya dama.

Kwana biyu bayan jawabinka sai ga saƙon murya ya shigo wayata ta WhatsApp, wajen ƙarfe biyun dare. Raɗa yake yi. Ya ce, "Baba, a sa mu a addu'a, gari ya juya." Mai gidan ya zo musu da magariba, kansa a ƙasa, ya ce an ce duk wanda ya ajiye marar takarda ɗaurin kurkuku zai sha, su yi haƙuri su kwashe kayansu kafin Juma'a. Kuɗin ajiyar da suka ba shi bai yi zancensa ba. A wajen aiki an ce kada su sake zuwa. Da dare kuma samarin unguwa, waɗanda jiya-jiya suke kallon ƙwallo tare a shagon shayi, suka zo da sanduna suna dukan ƙofa. A bayan muryarsa ina jin ƙarar dutse a kan ƙofar ƙarfe. Na saurari saƙon nan ya fi sau goma kafin kiran assalatu, da safe kuma na zauna na biya wa mutane babin tsarki kamar ba abin da ya faru.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Ta talaka ma ke nan, balle ta mai mulki. Ban ce kai ka ba samarin nan sanda ba. Da ma akwai masu wannan ra'ayi, har da wata ƙaramar jam'iyyar 'yan kishin ƙasa da ta yi watanni tana yaɗa shi a Facebook da TikTok, tana kira ga mutane su tona asirin baƙi. Amma kafin ranar nan, maganar banza ce ta 'yan tsiraru. Bayanta kuwa duk zauna-gari-banzan da ya tare baƙin mutum a lungu ya ƙwace masa waya, gani yake aikin ƙasa yake yi. Iyakar Tunisiya ta tashi daga Ras Jedir, mashigarku ta wajen Libiya, ta dawo ƙofar gidan haya da bakin tasha da cikin tasi, mai gadinta kuma kowa ne da ke da sanda. Fasfo ɗin da ake dubawa shi ne fata.

Shaida kuwa ita ce abin bai tsaya kan marasa takarda ba. Ɗalibai masu cikakkiyar biza sun kulle kansu a ɗaki, ƙungiyarsu tana roƙonsu kada su fita. 'Yan Tunisiya baƙaƙe, waɗanda kakannin kakanninsu a nan aka binne su, sai da suka riƙa sa hotonsu a intanet riƙe da katin ɗan ƙasa, don an fara tare su ana tambayarsu daga ina suke. Ɗaruruwan mutane suka kwana a ƙofar ofisoshin jakadancinsu. Gini da Mali da Kwaddebuwa suka aiko jirage a farkon Maris suka kwashe mutanensu. Moussa Faki Mahamat, da yake shugabantar hukumar Tarayyar Afirka a lokacin, ya yi tir da kalamanka, Bankin Duniya ma ya dakatar da tattaunawar da yake yi da ku. Da Umaro Sissoco Embalo, shugaban Gini Bisau na lokacin, ya ziyarce ka a watan Maris, ka ce an yi wa maganarka mummunar fassara, kai ɗan Afirka ne mai alfahari da haka, har a danginka akwai masu aure da 'yan kudu da Sahara. Na ji, na kuma yarda akwai su. Sai dai surukuta ba ta ɗinke ƙofar da aka ɓalle, kuma har yau ban ji ka ce ka janye maganar ba.

Yarona bai dawo a lokacin ba. Kuɗinsa na mako bakwai na hannun mai aikin, ya ce ba zai baro guminsa ba. Ya yi ta raɓe-raɓe, yau a kangon gini, gobe a gindin zaitun, har watan Yuli.

Ranar 3 ga Yulin 2023 aka kashe wani ɗan Tunisiya a Sfax cikin faɗa tsakanin 'yan gari da 'yan ci-rani. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalansa haƙuri. Rai rai ne, wanda ya kashe shi kuma kotu ce ta dace da shi. Amma makonni kaɗan kafin nan, a wannan gari dai, an daɓa wa wani ɗan Benin wuƙa har lahira, ba a kuma kori unguwa guda saboda shi ba. Wannan karon gari ya tashi. Aka bi gida-gida ana fito da mutane, ana ɗaukar su bidiyo suna kwance a ƙasa, jama'a na tafi. Daga nan aka loda ɗaruruwa a motoci, har da mata masu ciki da yara, aka kai su bakin iyakar Libiya da ta Aljeriya aka sauke cikin rairayi, a tsakiyar bazara, ba ruwa ba inuwa. Gwamnatinka ta musanta. Masu gadin iyakar Libiya kuwa, waɗanda su ma ba a san su da tausayin baƙo ba, suka yi ta tsintar gawarwaki, sama da 20.

Akwai hoton da na tabbata ka gani, don duniya duka ta gani. Mace 'yar asalin Kwaddebuwa, kife a kan rairayi, 'yarta mai shekara 6 kwance a gefenta. Ƙishi ne ya kashe su. Mijin ɗan Kamaru ne, shi ya ce su wuce gaba su bar shi don ƙafarsa ta gaza, sai ga shi shi ya rayu. Daga baya Fafaroma Francis ya karɓe shi a fadarsa. Na yi ta jira in ji wani shugaba Musulmi ya kira bawan Allah nan ya yi masa ta'aziyya.

A cikin waɗannan kwanaki, ranar 16 ga Yuli, mutane na can cikin rairayi, ka karɓi baƙi a fadar Kartaj: Ursula von der Leyen ta Tarayyar Turai, da Giorgia Meloni ta Italiya, da Mark Rutte na Holan. Aka sa hannu a yarjejeniya, a cikinta har da Yuro miliyan 105 na tsaron iyaka da dakile ƙaura. Wata guda kafin nan, da bakinka, a Sfax, ka ce Tunisiya ba za ta zama mai gadin ƙasar kowa ba. Na ji daɗin maganar ranar da na ji ta. A watan Oktoba ma ka mayar musu da Yuro miliyan 60, ka ce ƙasarka ba ta karɓar sadaka. To amma aikin da ake yi a gaɓar Sfax, tare jiragen ƙarfen nan da ake walda cikin dare kafin su kai Lampedusa, tsibirin Italiya da bai kai kilomita 200 daga gaɓarku ba, sunansa gadi, ko an karɓi albashi ko an mayar. Turai ta sami abin da take so ba tare da ta ɓata hannunta ba. Ku da baƙin jini, mu da gawa.

Wataƙila ba a gaya maka inda mutanen nan ke ƙarewa ba, bari in gaya maka, don a ƙofarmu ne. Wanda aka sauke a iyakar Aljeriya, in ya rayu, can ma kama shi ake yi, a tura shi kudu har Tamanrasset. 'Yan Nijar ana kawo su cikin manyan motoci har Assamaka, a bakin iyakarmu da Aljeriya, bisa wata yarjejeniya ta 2014 tsakanin ƙasashen biyu. Sauran kuwa a wani fili ake zubar da su da ake kira Point Zéro, a nuna musu kudu da yatsa, su taka kilomita 15 kafin su ga gida ɗaya. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum dubu 31 da aka koro ta wannan hanya a 2024 kaɗai. Assamaka ƙauye ne, ruwan shan mutanensa ma da ƙyar yake isarsu.

Ta nan yarona ya dawo. Na tarye shi a tasha, sai da ya ce "Baba" sannan na gane shi. Tafin ƙafarsa ya tsattsage kamar gonar da ta shekara ba ruwa, silifa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi. Uwarsa ta dama masa fura, ya riƙe ƙwaryar da hannu biyu ya daɗe yana kallonta bai sha ba. Ɗaya daga cikin 'yan Ginin da suke ɗaki ɗaya, tun a Tamanrasset aka raba su mota, lambarsa ba ta sake shiga ba.

Laifi tudu ne, na sani, don haka bari in taka namu kafin wani ya tuna mini. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙi, Hausawa da Yarabawa da yawa suka baro gidaje da shagunan da suka shekara talatin suna ginawa. A 1983 Najeriya ta rama a kan kowa da kowa, zamanin Shagari, aka kori mutane wajen miliyan 2, har yau da sunan wannan kora ake kiran jakar da suka zuba kayansu. Mu nan Nijar, a 2015 muka yi dokar da ta mai da direban Agadas mai laifi don ya ɗauki fasinja zuwa arewa, saboda Turai ta matsa, motoci suka bar hanyar da aka sani suka koma bin inda ba rijiya, sai a ƙarshen 2023 aka soke ta. 'Yan banga kuwa ba sai an ba mu labarinsu ba. A watan Maris na 2025 a Uromi, cikin jihar Edo, aka tare motar mafarauta 'yan arewa da ke hanyar komawa Kano yin sallah, aka kashe 16, don kamanninsu da harshensu sun isa hujja a wajen masu tarewar. Saboda mun ga ƙarshen wannan hanya ne nake rubuto maka. Ranar da hukuma ta bar ɗan unguwa ya zama shi ne ɗan sanda, shi ne alƙali, ba ta da ranar karɓe sandar daga hannunsa.

Abin da ya sa taku ta fi ciwo shi ne kun riga mu sanin daidai. Ahmad Bey ya haramta bauta a Tunisiya a 1846, kafin Faransa, kafin Amurka, mu kuwa sai 2003 dokarmu ta mai da ita laifi. A 2018 majalisarku ta yi doka mai lamba 50 da ta haramta wariyar launin fata, ta farko irinta a ƙasashen Larabawa, da ɗauri da tara ga wanda ya ci mutuncin wani don fatarsa. A 2020 wata kotu a Medenine ta yarje wa wani dattijo ya cire kalmar "atig", wato 'yantaccen bawa, daga sunan gidansu. Mutanen da suka yi wannan gwagwarmaya, jininmu na jikin wasunsu. Ayarin da ya kai fatu da gashin jimina arewa ya kai mutane ma. A birnin Tunis akwai gidan da ake kira Dar Barnu, gidan Barno ke nan, kuma a cikin waƙoƙin stambeli da jikokin bayi ke yi har gobe ana tsintar kalmomin Hausa da na Barebari. Ba da ƙafarsu kakannin nan suka zo ba, ba kuma wanda ya ce sun sauya jinsin ƙasa lokacin da ake sayar da su a kasuwa.

Cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka yi dokar 2018 akwai Saadia Mosbah, shugabar ƙungiyar Mnemty mai yaƙi da wariyar fata, baƙar mace 'yar Tunisiya. A watan Mayun 2024 aka kama ta. A cikin wannan wata aka kama Sherifa Riahi da Mustapha Djemali, waɗanda aikinsu kula da 'yan gudun hijira ne. Lauya Sonia Dahmani kuwa, don ta yi gatse a talabijin game da masu cewa baƙi na son mamaye ƙasar, mutane masu rufe da fuska suka shiga har gidan ƙungiyar lauyoyi suka fito da ita, kyamara na ɗauka. An ce bincike ne na kuɗi da na yaɗa ƙarya. To, a yi bincike. Amma mu daga nesa abin da muke gani shi ne mai ba da ruwa yana gaban alƙali. Mai jifan ƙofa fa, su nawa aka gurfanar da dokar nan mai lamba 50? A 2025 kuma gwamnatinka ta janye damar da talaka ke da ita ta kai ƙara kotun Afirka da ke Arusha, wato har ƙofar kuka an rufe.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Wannan zance na cewa ana shirin musanya al'umma da baƙi, a Faransa aka ƙera shi, kuma don ku aka ƙera shi, don 'yan Tunisiya da Aljeriya da Maroko da ke zaune a Marseille da Paris. Shi ya sa Eric Zemmour, ɗan siyasar Faransa wanda ya gina siyasarsa kan ƙin jinin Larabawa da Musulmi, ya fito ya yaba maka. Da ni ne, yabon nan kaɗai ya isa ya hana ni barci. Samarinku ma suna shiga jiragen nan. A Satumbar 2022 jirgi ya nutse da mutum 18 'yan garinku na Zarzis, aka binne wasunsu a maƙabartar baƙi ba tare da an gane su ba, garin ya yi makonni yana bore. Iyayen nan sun san abin da uwar ɗan Gini ke ji. A Zarzis ɗin dai akwai wani tsohon masunci da ya shekara da shekaru yana binne gawarwakin da teku ta tofo, bai tambayi ƙasarsu ba. Kwana huɗu bayan jawabinka kuma ɗaruruwan 'yan Tunisiya suka fito titi a babban birni suna cewa ba da yawunsu ba. Ban manta da su ba, kuma ba su nake tuhuma ba.

Ban ce ka buɗe iyaka ba. Kowace ƙasa da dokarta, na kuma san halin da kuke ciki, layin burodi da ƙarancin sukari da samari masu digiri ba aiki, na san manoman El Amra da Jebeniana da aka cika musu gonakin zaitun da tantuna suna da tasu gaskiyar. Wanda ya karya dokar shiga ƙasa, a kai shi gaban alƙali, a kira jakadansa, a sa shi a jirgi ko a mota da ruwa a hannunsa. Abin da nake roƙo shi ne ka fito da bakinka, da Larabcin nan naka da kowa ya san ka da shi, ka ce maganar 21 ga Fabrairu kuskure ce, kuma duk wanda ya taɓa baƙo doka za ta taɓa shi. A daina sauke ɗan Adam a cikin rairayi, ko wace irin takarda ya rasa. Waɗanda ke tsare ko ke zaryar kotu don sun taimaki baƙi, a sallame su. Mai aiki kuma da ya ci gumin lebura shekara uku, a ba leburan hanyar samun takarda, ko aƙalla hanyar karɓar haƙƙinsa kafin ya tafi.

Da na karanta wa yarona wannan takarda, ya ce in ƙara abu biyu. Na farko, kuɗinsa na mako bakwai har yanzu suna Sfax, makullin ɗakin kuma yana nan a aljihunsa, in mai gidan na so a aika masa. Na biyu, akwai wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da su, wadda a kwanakin da suka kulle kansu take ɗauro burodi da gorar ruwa a igiya ta zuro musu ta taga bayan isha'i, ba ta cewa komai. Bai san sunanta ba, Hajja kawai suke ce mata. Ya ce in akwai mai zuwa unguwar, a gaishe ta, a ce mata ɗan Nijar ɗin ya isa gida.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin zaure,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar.